Yadda zaka bi tarihin Amadeo, ɗan sarkin Italiya da aka naɗa sarkin Sifaniya, ba tare da kanka ya ɗaure ba

Yawancin waɗanda suka taɓa jin labarin Amadeo abu ɗaya suke riƙewa, wai wani ɗan sarkin Italiya ne aka ɗauko aka ba shi sarautar Sifaniya, ya yi shekara biyu ya ji ba zai iya ba ya tattara ya koma gida. Eh haka aka yi, amma wannan kanun labari ne kawai. In kana son ka gane abin da kyau, ko jarrabawa ce a gabanka ko ɗalibai zaka koyar ko kuma kai dai ɗan son tarihi ne, to akwai hanyar da zaka bi, don labarin cike yake da sunaye masu kama da juna da janar-janar da jam'iyyu, in ka shige shi ta ko'ina sai ka fito ba ka riƙe komai ba.

Kafin komai tabbatar da wane Amadeo kake nema. Gidan sarautar Savoy suna da wata ɗabi'a ta maimaita suna, Amedeo, Vittorio, Emanuele, Umberto, sai su yi ta juya su kamar babu wasu sunaye a duniya. Naka shine wanda aka haifa a Turin ranar 30 ga Mayu 1845 ya mutu a Turin ɗin dai ranar 18 ga Janairu 1890, mai sarautar Duke na Aosta. In zaka bincika a littattafan Italiya Amedeo zaka rubuta, a na Sifaniya kuma Amadeo I. Wanda aka fi rikita shi da shi jikansa ne, shima Amedeo, shima Duke na Aosta, wanda ya yi gwamnan Italiya a Habasha lokacin yaƙin duniya na biyu, ya miƙa wuya ga sojojin Ingila a Amba Alagi a 1941 ya mutu a tsare a Nairobi a 1942. Akwai kuma ƙanin wannan jikan, Aimone, wanda aka ce shine sarkin Kuroshiya a 1941 da sunan Tomislav II amma ko ƙafarsa bai taɓa sawa a ƙasar a matsayin sarki ba. So in ka ga ana maganar Mussolini ko jirgin sama a shafin da kake karantawa, ka tsallake zuwa wani zamanin, koma baya.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka zana gidansu, ba sai ka yi nisa ba. Uban shine Vittorio Emanuele II, sarkin Sardiniya daga 1849, wanda ya zama sarkin haɗaɗɗiyar Italiya na farko a 1861. Uwar Adelaide ce 'yar gidan sarautar Ostiriya, ta mutu a 1855 Amadeo yana ɗan shekara tara. Wansa Umberto shine yarima mai jiran gado. Yayarsa Clotilde an aurar da ita ga ɗan gidan Napoleon a Faransa, ƙanwarsa Maria Pia kuma ta zama sarauniyar Fotugal a 1862. Kaga kenan uban mutum ne mai shuka 'ya'yansa a gidajen sarautar Turai, kuma ka riƙe wannan don shi zai bayyana maka dalilin da yasa Amadeo ya karɓi sarautar da shi kansa ba wani ɗokinta yake ba. Ɗa na biyu ne, ba shi da gadon da zai hau a gida, aikin soja aka sa shi, ya je yaƙin Custoza da Ostiriya a 1866 har ya ji rauni. A 1867 ranar da ya cika shekara 22 ya auri Maria Vittoria dal Pozzo, 'yar wani babban gida mai dukiya a Piedmont amma ba jinin sarakuna ba. Zaka ci karo da wani labari da ake yawan yaɗawa cewa wai mutane birjik sun mutu ranar bikin ɗaya bayan ɗaya, kar ka ɓata lokacinka wajen ƙirga gawarwaki, wanda yake tabbas shine Count na Castiglione da ya faɗo daga kan doki a cikin ayarin ya mutu, kuma ko shi ɗin ba abin da ya haɗa shi da abin da ya faru a Madrid daga baya.

Yanzu ga inda nake ganin mutane suka fi yin kuskure. Suna ci gaba da bin Amadeo. A'a, ajiye shi a Turin tukuna, ka tafi Sifaniya kai kaɗai, don asalin labarin na wata kujera ce da ta zama ba kowa da kuma mutumin da ya rantse sai ya samo mai zama a kanta. A watan Satumba 1868 sojoji suka yi wa sarauniya Isabel II bore, abin ya faro daga Cádiz inda Admiral Topete ya tayar da sojojin ruwa, Janar Serrano ya ci sojojin sarauniya a gadar Alcolea, ita kuma ta tsallaka Faransa. Sunaye uku zaka haddace a nan, Prim, Serrano, Topete, amma Janar Juan Prim shine ƙashin bayan tafiyar. A 1869 suka rubuta sabon kundin tsarin mulki wanda a wancan zamanin ya yi gaba sosai, kowane namiji baligi yana da ƙuri'a, an yarda da 'yancin addini, sarki kuma yana nan amma majalisa ce mai faɗa a ji. Matsalar ita ce sun rubuta cewa ƙasar masarauta ce alhali babu sarki. Sai aka ba Serrano riƙon ƙwarya, Prim ya zama shugaban gwamnati, kuma ya faɗa a gaban majalisa har sau uku cewa gidan Bourbon ba zasu dawo ba har abada.

To sai ka bi neman sarkin nan ɗaya bayan ɗaya, kar ka tsallake shi don wallahi nan ne daɗin labarin yake. An nemi Fernando, uban sarkin Fotugal, ya ce a kai kasuwa. Duke na Montpensier, mijin ƙanwar Isabel wanda ya zuba kuɗinsa a boren yana ganin kujerar tasa ce, shi da kansa ya kashe damarsa a watan Maris 1870 da ya yi fito-na-fito da bindiga da Enrique de Borbón ƙanin mijin sarauniya ya harbe shi har lahira. An taɓa tsohon Janar Espartero, mutumin ya haura saba'in da biyar kuma ba shi da ɗa, ya ce ya gode. An nemi Tommaso Duke na Genoa, ɗan ƙanin Vittorio Emanuele, yaro ne ɗan shekara sha biyar, mahaifiyarsa ta ƙi. Sai aka je kan Leopold na gidan Hohenzollern, dangin sarkin Prusiya, nan fa Faransa ta ce ba zata yarda a sa ta a tsakiyar Jamusawa gabas da kudu ba, Bismarck shugaban gwamnatin Prusiya ya samu abin da yake nema ya gyara wata wayar tangaraho daga Ems ya sake ta ga jaridu, a watan Yuli 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya. Wato kujerar da Amadeo zai hau, tun kafin ya hau ta ta riga ta jawo yaƙin da ya kifar da Napoleon III sarkin Faransa. In ka jera waɗannan a takarda zaka gane da kanka cewa Amadeo ba zaɓin farko bane ba na biyu bane, shine wanda ya rage wanda manyan ƙasashen Turai ba zasu yi faɗa a kansa ba.

Lambobin zaɓen ma ka rubuta su. Ranar 16 ga Nuwamba 1870 majalisar Cortes ta kaɗa ƙuri'a, Amadeo ya samu 191, masu son jamhuriyar tarayya 60, Montpensier 27, sauran suka watsu, wasu ma farar takarda suka jefa. Kar 191 ɗin nan ta ruɗe ka ka ce ai ya samu rinjaye mai kyau. Ba shi suka zaɓa ba, akasarinsu basu taɓa ganinsa ba, Prim suka bi. Wakilai ƙarƙashin Manuel Ruiz Zorrilla suka tafi Florence, wadda a lokacin nan ne fadar sarkin Italiya take, suka miƙa masa tayin a fadar Pitti farkon Disamba, ya karɓa.

Sai ka zo kan ranaku uku, waɗannan ko ka manta komai kar ka manta su. 27 ga Disamba 1870 da daddare Prim ya fito daga majalisa a keken dokinsa, a wani titi da ake kira Calle del Turco wasu mutane suka tare hanya suka buɗe masa wuta. 30 ga Disamba ya mutu, kuma a wannan ranar ce jirgin ruwan yaƙi Numancia ya sauke Amadeo a Cartagena. 2 ga Janairu 1871 ya shiga Madrid ana dusar ƙanƙara, wurin da ya fara zuwa shine cocin Atocha inda aka ajiye gawar Prim, daga nan ya wuce majalisa ya yi rantsuwa. Ka nemi hoton zanen da Antonio Gisbert ya yi na Amadeo tsaye a gaban gawar, ka kalle shi da kyau, ka kalli mutanen da ke tsaye a bayansa. Baƙo ne da ya iso ya tarar mai masaukinsa ya mutu, kuma a ganina duk abin da ya biyo baya a shekara biyun nan bayani ne kawai na wannan. Prim ne kaɗai yake iya riƙe gamayyar da ta kori Isabel, masu ra'ayin ci gaba da 'yan dimokuraɗiyya da 'yan Unión Liberal, mutanen da ba abin da ya haɗa su sai ƙin tsohuwar sarauniya.

Wa ya kashe Prim? Zaka ga ana ambaton Montpensier, ana ambaton wani ɗan jamhuriya mai zafin kai José Paúl y Angulo, ana ma nuna yatsa ga na kusa da Serrano. An yi shekaru ana shari'a ba a hukunta kowa ba. Shawarata kar ka faɗa wannan ramin yanzu, labari ne mai zaman kansa kuma yana cinye mutum, gama da Amadeo tukuna.

Mataki na gaba, sabuwar takarda, ka raba ta gida-gida ka rubuta masu adawa da shi da dalilin kowa, don ba dalili ɗaya suke da shi ba kuma su kansu basa ga maciji da juna. Akwai 'yan Carlista masu cewa sarautar ta wani reshe ne na gidan Bourbon, nasu ɗan takarar Carlos VII, ƙarfinsu yana arewa wajen Navarra da ƙasar Basque da wani yanki na Kataloniya, kuma a watan Afrilu 1872 suka ɗau makami gaba ɗaya. Akwai masu son Alfonso ɗan Isabel, wanda uwar ta sauka ta bar masa haƙƙinta a 1870, jagoransu Cánovas del Castillo, su basa gaggawa, jira suke abin ya ruɓe da kansa. Akwai 'yan jamhuriya irin su Castelar da Pi y Margall da Figueras da Salmerón, su kowane sarki ma basa so balle na aro. Sannan coci. Wannan sai ka koma Italiya ka duba kwanan wata, ranar 20 ga Satumba 1870 sojojin uban Amadeo suka shiga Roma suka ƙwace ta daga hannun Paparoma Pius IX, wata biyu kacal kafin zaɓen. To ka ɗauko ɗan mutumin da ya yi wannan ka kai shi ƙasar da Katolika ya yi kaka-gida kamar Sifaniya, me kake tsammani limaman coci zasu faɗa wa mutane ranar Lahadi?

Sai manyan gidajen Madrid, masu sarautun gado. Su nasu salon wulaƙanci ne. Ana gayyatarsu fada basa zuwa, matansu suka ƙi yi wa sabuwar sarauniya hidima, a watan Maris 1871 ma suka shirya fita yawo a kekunan doki sanye da mayafin gargajiyar Sifaniya da tambarin furen gidan Bourbon, don dai su nuna wa Maria Vittoria cewa ita bare ce. Abin dariyar shine wadda ta jagoranci abin, matar Duke na Sesto, ita kanta 'yar Rasha ce. A titi kuma ana wa Amadeo laƙabi da Macarronini, daga sunan taliyar Italiya, ana tsokanarsa da cewa bai iya yaren ba, wanda kuma gaskiya ne bai taɓa ƙwarewa a Sifaniyanci ba. Kar ka manta ka ƙara gida ɗaya a takardar ka rubuta Kuba, don tun Oktoba 1868 ake yaƙin neman 'yanci a can, yana cin kuɗi yana cin sojoji, kuma masu gonakin rake da bayi suna da dogon hannu a siyasar Madrid.

In ka gama da maƙiya sai ka juyo kan masoya, a nan ne zaka ga inda gizo ke saƙar. Cikin shekara biyu da wata ɗaya an yi gwamnati shida, Serrano, Ruiz Zorrilla, Malcampo, Sagasta, Serrano kuma, sai Ruiz Zorrilla ya sake dawowa, an kuma yi babban zaɓe sau uku. Ba sai ka haddace ministoci ba, mutum biyu zaka bi, Sagasta da Ruiz Zorrilla. Dukkansu yaran Prim ne, jam'iyya ɗaya, da ya mutu kowa ya ce shine magaji, jam'iyyar ta tsage biyu, Sagasta ya ja masu sassauci suka haɗe da mutanen Serrano, Zorrilla ya ja masu tsattsauran ra'ayi. Duk wanda sarki ya kira ya kafa gwamnati sai ɗayan ya yi fushi ya haɗa kai da maƙiyan sarautar gaba ɗaya, har ta kai a zaɓen Afrilu 1872 mutanen Zorrilla sun yi ƙawance da 'yan jamhuriya da 'yan Carlista don kawai su kayar da Sagasta. Shi kuma Sagasta wata badaƙalar kuɗi ce ta kayar da shi, riyal miliyan biyu na Sifaniya da aka ɗebo daga asusun ƙasashen mallaka ana zargin an kashe su a harkar zaɓe.

Akwai wani abu da ya faru a watan Yuni 1872 da nake so ka tsaya a kansa, don shine zai baka ma'aunin da zaka auna mutumin. Serrano ya zo ya ce ƙasa ta rikice, a sa hannu a dakatar da 'yancin da kundin tsarin mulki ya ba mutane. Amadeo ya ƙi, ya ce ya yi rantsuwa a kan kundin nan. Serrano ya ajiye aiki. Yanzu kai ne zaka yanke, wasu marubuta suna ganin wannan gaskiya ce da riƙon amana, wasu suna ganin rashin wayon siyasa ne don ya kori mutanen da sojoji ke jin maganarsu ya rage daga shi sai Zorrilla. Ni dai ina ganin duka biyun ne, kuma abin mamakin shine a duk Madrid baƙon ne ya fi kowa ɗaukar dokar da muhimmanci, waɗanda suka rubuta ta da hannunsu kowa jira yake ta ba shi mulki in ba haka ba ya taka ta. Amma kar ka maida shi waliyyi, ba mai zurfin karatu bane, bai san ƙasar ba, kuma maganar neman matansa ta cika gari har ta dami matarsa. Jarumta kam yana da ita, a watan Yuli 1872 aka buɗe wa keken dokinsu wuta a titin Arenal shi da sarauniya suna dawowa da dare, an ma gargaɗe shi tun kafin nan ya ƙi canza hanya, Allah ya kiyaye ba wanda ya samu rauni a cikinsu.

Ka ware wa Maria Vittoria shafinta daban, yawancin gajerun tarihi layi biyu suke bata kuma ba adalci bane. Mace ce mai ilimi, ta iya harsuna da dama, ta kuma koyi Sifaniyanci fiye da mijin nesa ba kusa ba. Da manyan mata suka juya mata baya sai ta juya ga talakawa, ta yi aiki da marubuciya Concepción Arenal wajen taimakon marasa galihu, kuma da kuɗinta ta gina gidan renon yara a Madrid don 'ya'yan mata masu wankau a bakin kogin Manzanares, waɗanda suke wuni a ruwa ba inda zasu bar yaransu. A Madrid ta haifi ɗansu na uku Luigi Amedeo ranar 29 ga Janairu 1873, ka riƙe wannan kwanan watan don ka ga a wane hali aka sa ta tafiya sati biyu bayan nan.

Faɗuwar kanta ta zo ne ta wata hanya da in ba ka bi a hankali ba zaka ce ƙaramin abu ne. Gwamnatin Zorrilla ta ba wani Janar Hidalgo muƙami, hafsoshin sojan igwa kuma sun tsane shi tun 1866 saboda suna ɗora masa alhakin kashe 'yan uwansu hafsoshi a boren barikin San Gil. Suka ce in dai shine to sun ajiye aiki gaba ɗayansu. Gwamnati ta ce to a rushe rundunar a sake tsara ta, majalisa ta goyi baya, aka kawo wa sarki takarda. In ya sa hannu ya ɓata da sojoji ana tsakiyar yaƙi biyu, in ya ƙi ya taka majalisa, wasu ma suna raɗa masa ya yi amfani da sojojin ya kori gwamnatin. Ya sa hannu kamar yadda doka ta ce, sannan ya ce shi ya gama. A bayan fage kuma akwai maganar dokar 'yanta bayi a Puerto Rico da Zorrilla ya kawo ƙarshen 1872, wadda ta sa masu kuɗin Kuba da manyan gidaje suka haɗu suka yi wa gwamnatin taron dangi, so kar ka ɗauka rigimar igwa ce kaɗai.

Ranar 11 ga Fabrairu 1873 aka karanta takardar murabus ɗinsa a majalisa. Nemo ta ka karanta da kanka, gajeriya ce kuma an fassara ta, ta fi duk wani sharhi da zaka gani. A ciki yake cewa da maƙiyan Sifaniya baƙi ne daga waje da shine zai fara shiga gaban sojoji ya yaƙe su, amma duk masu ƙara wa ƙasar ciwo da takobi da alƙalami da baki 'yan Sifaniya ne, kowa kuma da sunan ƙasar yake rantsuwa, ya nemi magani a cikin doka bai samu ba, kuma ba zai neme shi a wajen doka ba tunda ya yi alƙawarin kiyaye ta. A ranar majalisa ta ayyana jamhuriya da ƙuri'a 258 a kan 32, washegari Amadeo ya hau jirgin ƙasa zuwa Fotugal wajen ƙanwarsa, shi da mai jego da jariri cikin sanyin hunturu. Ka ɗan leƙa abin da ya biyo baya don ka samu abin kwatance, jamhuriyar ta yi shugabanni huɗu cikin wata goma sha ɗaya, sojoji suka watsa majalisa a Janairu 1874, ƙarshen Disamba na shekarar Janar Martínez Campos ya ayyana Alfonso XII a Sagunto, Bourbon ɗin da Prim ya ce har abada suka dawo.

Ragowar rayuwar Amadeo zaka iya bi da sauri. Ya koma Turin ya ci gaba da zama Duke na Aosta. Maria Vittoria bata sake samun lafiya ba, tarin fuka ya kashe ta a Sanremo a 1876 tana da shekara 29. A 1888 ya auri Maria Letizia Bonaparte, 'yar yayarsa Clotilde ta cikinta, sai da aka nemo izini na musamman daga Paparoma kuma an sha surutu a kai. Ciwon huhu ya kashe shi a 1890 yana da shekara 44. Jaririn nan da aka haifa a Madrid kuwa shine ya zama Duke na Abruzzi, mai hawan duwatsu, ya hau tsaunukan Ruwenzori a 1906 ya gwada hawa dutsen K2 a 1909, ya ƙare rayuwarsa a Somaliya a 1933.

In kana son fahimtarka ta zauna sosai, ɗauko wasu sarakunan aro na ƙarni na 19 ka jera su kusa da shi, don a lokacin abin yayi ne. Leopold ɗan Jamus ya karɓi Beljiyam a 1831 kuma zuriyarsa na kan gadon har yau. Otto ɗan Bavariya ya yi shekara talatin a Girka aka kore shi a 1862, aka kawo George ɗan Denmak ya yi kusan hamsin. Carol ya je Romaniya a 1866 ya zauna daram. Maximilian kuwa da Faransa ta kai Meziko harbe shi aka yi a 1867. Tambayoyin da zaka yi wa kowannensu iri ɗaya ne, wa ya kawo shi, wanda ya kawo shin ya rayu ya tsaya masa, akwai tsohon gidan sarauta na 'yan ƙasa da ke jiran kujerar, sojoji na wa ne. Beljiyam da Girka da Romaniya sababbin ƙasashe ne da basu da wani gidan da zai ce gadonsa ne aka ƙwace, Sifaniya kuwa reshe biyu na Bourbon ne ke tsaye a bakin ƙofa kowanne da magoya bayansa.

Wanda kuma Allah ya hore masa zuwa wuraren da ƙafarsa, a Madrid kar ka nemi Calle del Turco a taswira don an canza masa suna, yanzu Marqués de Cubas ne, yana nan kusa da majalisa, titin Arenal kuma yana tsakanin Puerta del Sol da wajen fadar sarki, da ƙafa ma zaka haɗa su. Keken dokin da aka harbi Prim a ciki yana gidan tarihin sojoji a Toledo, kabarinsa kuma an maida shi garinsu Reus a Kataloniya, so kar ka je Atocha nemansa. A Turin akwai Palazzo Cisterna gidan dangin matarsa inda suka zauna, a kan titin da ke ɗauke da sunanta, akwai mutum-mutuminsa a kan doki a lambun Valentino, shi da Maria Vittoria kuma an binne su a cocin Superga a kan tsauni. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke hawa can daga unguwar Sassi, amma ka duba ranakun da ake buɗe ɓangaren kaburburan sarakuna kafin ka hau don ba kullum lokacinsu yake ɗaya da na cocin ba.